Dodon Hoto a Gaban Alƙalan Gasa: Ɗan Tsokaci

Gabatarwa

Wannan sharhi zai dubi wata ƙa'ida ce da wasu masu shirya gasar ɗaukar hoto suka ɓullo da ita tun bayan da kyamarar dijital ta mamaye duniya. Ƙa'idar ita ce, ba a karɓar hoto sai ya zo da asalin fayil ɗinsa tare da bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa. Hoton fim kuwa, wanda ake wankowa daga dodo, ba shi da ko ɗaya, don haka an rufe masa ƙofa tun kafin alƙalai su ɗora ido a kansa.

Hujja da Rauninta

Babbar hujjar masu wannan ƙa'ida ita ce gudun maguɗi, kuma tsoron nasu yana da tushe. A shekarar 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya lashe wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton da kwamfuta ta ƙaga, sannan ya ƙi karɓar kyautar. To amma in shaida ake nema, wace shaida ta kai dodo? Haske ne ya faɗa masa a ranar ɗauka, kuma alƙali yana iya ɗaga shi sama ya duba da idonsa.

Daɗin daɗawa, ƙa'idar tana auna kayan aiki ta bar gwanintar mai aiki. Da fim J.D. Okhai Ojeikere ya ɗauki hotunan kitson matan Nijeriya kusan 1,000 daga 1968. Da fim Malick Sidibe na Bamako ya yi aikin da ya jawo masa babbar lambar girma a bikin fasaha na Banis a 2007. Wanda ke da zarafin ɗauka 36 kacal a nadi guda, tilas ya koyi natsuwa kafin ya danna.

Wa Ke Asara?

Asarar ta fi faɗawa kan garuruwa irin su Assakio ta ƙaramar hukumar Lafiya. Kafin zuwan wayar hannu, mai hoto ne shaidar aure da suna da sallah da naɗin sarauta. Da kasuwar fim ta faɗi, har kamfanin Kodak ya bayyana karyewarsa a 2012, sai wuraren wankin hoto suka yi ta rufewa. Dodannin da suka rage suna jibge cikin akwatuna, danshin damina yana cinsu. Gasa tana cikin 'yan abubuwan da za su sa a zaƙulo su, a gane darajarsu.

Kammalawa

Bisa ga haka, ya kamata masu shirya gasa su karɓi hoton fim, su nemi dodonsa a matsayin shaida, su kuma ware rukuni ga tsofaffin hotunan karkara. Masu iya magana kan ce, tsohon doki sai sane.