Tukwicin Pamela

'Yan uwana mata, a da a Ingila yawancin labarai na sarakuna ne da jarumai. Da fatauci ya bunƙasa, mata da barori suka fara karatu, masana irin su John Locke suka ce a auna komai da hankali, sai ga littafin Pamela na Samuel Richardson a 1740. 'Yar aiki ce mai shekara 15, tana auna kowace maganar maigidanta, ta ƙi ba shi kanta. Nan kam na yaba. Amma ƙarshen fa? Wanda ya sace ta ya tsare, shi marubucin ya aura mata, wai tukwici. Haba! Wannan ai koya wa yarinya ne ta zauna da macucinta tana jiran ya shiryu.