Gwanin Mai Tura Waƙa

A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da sauran irinta a Arewa, masu tura waƙa a memori sun yi yawa. Galibinsu kwafa kawai suke yi su zuba maka. Gwani shi ne wanda in ka sa katinsa a waya, waƙoƙin za su jeru da kansu: Shata gefe guda, Barmani Choge gefe guda, bege daban, nanaye daban.

Ba sunan fayil ne ke yin wannan aiki ba. Waƙar MP3 takan zo da wani ɓoyayyen gurbi da ake kira ID3, inda ake rubuta sunan waƙa, mawaƙi, albam, shekara da nau'i. Shi waya take karantawa. Tsarin farko, na 1996, yana ƙarshen fayil, kuma harafi 30 kacal ya ware wa sunan waƙa. Na 1998 ya dawo farkon fayil, har hoton mawaƙi yana ɗauka.

Wahalar tana wajen suna. In an rubuta "Shata" a wata waƙa, "Mamman Shata" a wata, "Alhaji Mamman Shata Katsina" a ta uku, waya za ta ɗauka mutum uku ne. Gwani yakan buɗe manhaja irin Mp3tag, ya zaɓi waƙoƙin gaba ɗaya, ya ba su suna guda. Ya share sunayen shafukan intanet da aka cusa a gurbin albam, ya ceto waɗanda WhatsApp ya mayar AUD da jerin lambobi. Wani lokacin sai ya saurara da kunnensa kafin ya gane mai waƙar, kuma a nan ake bambanta masani da ɗan kwafe.

Nau'o'in waƙa 80 da tsarin farko ya tanada ba su san kalangu ko kuntigi ba, don haka da hannu yake rubuta "Gargajiya", "Fada", "Siyasa". Daga nan sai ya ce wa kwamfuta ta tara duk gargajiyar da ta riga 1990, jeri ya fito nan take.

Ya kuma san abokin cinikinsa. In katin na direba ne, "Dan Maraya" zai rubuta ba ƙugiya, domin tsohuwar rediyon mota takan hargitsa ɗ da ƙ. In ka sami irin wannan mai turi, kada ka nemi ragi.