Jitar Bes a Ƙasar Gadarif: Nazari kan Saye, Gyara da Amana

Daga cikin kayan kiɗan da zamani ya zo da su, da wuya a sami wanda mai sauraro ya fi jahiltar sunansa, alhali kuwa ƙafarsa umarninsa take bi a fagen biki, kamar jitar bes, wato doguwar jitar nan ta lantarki mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa tana ƙulla tsakanin ganga da waƙa. Maƙasudin wannan nazari shi ne duba halin mutumin da ya riƙi wannan jita don sha'awa kurum, yana da sana'arsa ta noma ko tuƙin tarakta ko koyarwa, a wuri irin Simsim ta jihar Gadarif, inda gonakin dawa da riɗi suka miƙe iyakar ganin ido, birni kuwa yana da nisa. Domin a irin wannan wuri ne take bayyana sarai cewa sha'awar nan, in an tace ta, gyara ya rinjayi kiɗa a cikinta, kuma darajar jita tana bin hannun da yake kula da ita fiye da sunan da aka rubuta a kanta.

Sanannen abu ne cewa Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa ƙasar Sudan a kan hanyar Hajji, waɗansu su wuce, waɗansu su yada zango har zangon ya zama gari, kuma ayarin ya ƙaru ainun bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas, ɗansa Muhammadu Bello ya zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Zuriyarsu ta bazu a Jazira da Kasala da Gadarif, kuma ba ta tsaya ga noma da karatu kaɗai ba, don kuwa A'ishatu Falatiya, wadda ta shiga gidan rediyon Umdurman a 1942 a zamanin da mata ba su yin haka, ta rasu a 1974, daga cikin wannan al'umma ta fito, har ta yi waƙa da Hausa. Daga baya ne Sharhabil Ahmad da takwarorinsa suka shigar da jitar lantarki cikin kiɗan birni, matarsa Zakiyya tana kaɗa jita tare da shi, aka sami ƙungiyoyin da mutanen ƙasar ke kira na jaz. Da yake galibin waƙar Sudan a kan sautuka biyar aka gina ta, kamar yadda da yawa daga kiɗan gurmi da garaya yake, kunnen Bahaushe bai sha wahalar karɓar bes ba, yatsun da suka saba da molo kuwa ba su yi baƙunta a kanta ba.

Asalin wannan jita a Amurka yake, kuma ko da yake wani mai suna Paul Tutmarc ya riga ya ƙera irinta tun shekarun 1930, ba ta karɓu ba sai da Leo Fender ya fitar da samfurin Precision a 1951, ya biyo da Jazz a 1960. Shi Fender mai gyaran rediyo ne tun farko, kuma wannan ya bayyana a ƙirarsa, domin ya yi gangar jikin daga katako tsantsa, ya ɗaura mata wuya da kusoshi huɗu masu murɗawa, ya jera wayoyin ciki a inda hannu zai kai, ta yadda duk wanda ya mallaki sukudireba da ɗan haƙuri zai iya kwance ta ya mayar. Wannan sauƙi shi ne ya sa masana'antun Japan suka kwaikwaye ta a shekarun 1970, har shi kansa kamfanin Fender ya fara fitar da mai rahusa da sunan Squier a 1982, daga baya Koriya da Sin da Indonesiya suka cika duniya da ita. Kuma shi ne dalilin da ya sa talaka a ƙauyen Afirka yake iya rayar da ita ba tare da ya taɓa ganin masana'anta ba.

Amma isowarta Sudan ba ta taɓa zama da sauƙi ba. Takunkumin tattalin arziki da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa 2017, da ƙuncin da makaɗa suka shiga bayan juyin mulkin 1989, da karyewar darajar fam tun bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watse Hartum ya koro dubban jama'a zuwa Gadarif, duka sun taru sun mai da sabuwar jita abin da ake jin labari. Saboda haka kasuwar ta zama ta kayan hannu, waɗanda ke zuwa cikin jakar ɗan'uwa mai aiki a Jidda ko Dubai, ko daga kantunan titin Muhammad Ali na Alƙahira, ko daga hannun makaɗin da bukata ta tilasta wa rabuwa da abin da yake so. Ƙari a kan haka, na'urar madannai mai kwaikwayon kowane sauti ta rage wa mai bes kasuwa a wurin biki, tun da mutum guda yana isar wa ango abin da a da sai mutum shida. Wannan ya sa tsofaffin jitoci da yawa suka koma hannun masu sha'awa, su ne suka zama masu tsaronsu.

Sharaɗin farko ga mai saye shi ne kada ya yarda da cinikin biri a sama, ko da an turo masa hoto goma ta WhatsApp. Ya ɗauki jitar da hannunsa, ya kafa ido daga kanta ya dubi tsawon wuyan kamar mai duban miƙewar gora, domin ɗan lanƙwasa zuwa gaba abu ne da ake so kuma ana gyara shi, amma wuyan da ya murɗe gefe guda ya riga ya mutu. Sannan ya nemi makulli mai kusurwa shida ya gwada sandar ƙarfen da ke ɓoye cikin wuya, wadda ita ce ke tsayayya da jan tsirkiyoyi, jan da ya haura kilo 70. Idan ta ƙi motsi, ko ta yi ta juyawa ba ta kama komai, to ya ce albarka ya tafi, komai ƙyallin fentin. Bayan haka ya jona ta da lasifika, ya taɓa kowane maganaɗisu mai ɗaukar sautin tsirkiya da bakin sukudireba ya ji ko zai amsa, ya murɗa makunnan sauti ya saurari ƙarar tsatsa. Aibin waya da dalma ƙaramin abu ne, mai gyaran rediyo na kasuwa zai kawar da shi kafin la'asar. Aibin katako shi ne mai cin dukiya.

Babban abokin gabar jita a wannan yanki shi ne yanayi. Daga Nuwamba zuwa Mayu iska tana bushewa ƙarƙaf, zafin bazara yana haura digiri 40, katakon wuya ya tsuke har bakin ƙananan ƙarafan da aka jera a kansa, wato matakai, su fito suna yankar yatsa. Daga Yuni kuwa damina ta sauka, baƙar ƙasar laka ta riƙe ƙafar mota, katako ya sha laima ya kumbura, tsirkiya ta kwanta tana zuza ko ta tashi ta gagari yatsa. Mai hankali yakan daidaita jitarsa a kowane sauyin yanayi: ya danne tsirkiya mafi kauri a matakin farko da na ƙarshe, ya dubi ratar da ta rage a tsakiya, wadda bai kamata ta wuce kaurin katin waya ba, sa'an nan ya murɗa sandar rubu'in juyi kaɗai, ya bar ta ta kwana kafin ya ƙara. Idan wuya ya zauna, sai ya koma ga jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, ya matsa sirdin kowace tsirkiya gaba ko baya har sautin mataki na 12 ya yi daidai da na sakakkiyar tsirkiya. Tsirkiya kuwa, da yake tana da tsada kuma ba a samunta kusa, masu wannan sha'awa a duniya duka sun san dabarar tafasa ta cikin ruwa don fitar da gumi da ƙura, ta dawo da muryarta na ɗan lokaci, sai dai a shanya ta sosai don gudun tsatsa.

Akwai kuma mas'alar wuta, wadda ta shafi rai. Lantarkin Sudan na ƙarfin volt 230 ne, na Amurka 120, kuma amfilifaya da yawa sun ƙone a daren farko don jahiltar wannan. Mafi muni, tsirkiyoyin bes a haɗe suke da wayar ƙasa ta na'urar, don haka idan aka jona ta da janareta marar kyakkyawan haɗi, jikin makaɗin ne zai zama hanyar wuta. Wajibi ne a kafa ƙarfe a ƙasa a ɗaura masa waya, kuma wanda ya yanke wannan waya don ya kashe ƙugin lasifika ya sayi shiru da ransa.

Game da sauye-sauye, wato canza wa jita halittarta, ba bidi'a ba ce a tarihin kayan tsirkiya, domin an ruwaito cewa Ziryabu, wanda ya isa Ƙurɗuba a 822, shi ne ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar, kuma a zamaninmu Jaco Pastorius ya cire ƙarafan wuyan jitarsa ya cike guraben ya shafe da gam mai tauri, ya sami murya mai zamewa wadda duniya ta kwaikwaya. Sai dai waɗannan mutane sun san abin da kunnensu ke nema kafin su ɗauki wuƙa. Sauyi iri biyu ne a wurin mai nazari. Akwai wanda ake iya warwarewa, kamar musanya maganaɗisu, ko sake makunnai, ko shimfiɗa takardar tagulla a ramin wayoyi don rage ƙugi, wannan babu laifi a gwada shi muddin an adana tsofaffin sassan. Akwai kuma wanda ba ya komawa, kamar fafe katako don a saka batir mai ƙarfin volt 9, ko kankare fentin asali, wanda sau da yawa garin neman gira ake rasa ido, musamman a wurin da batir ɗin kansa sai an aika birni. Galibin abin da mai koyo yake zargin maganaɗisu da shi, in an bincika, laifin tsohuwar tsirkiya ne ko rashin daidaita wuya ko ƙarancin motsa yatsu.

Daga nan sai musaya, wadda ita ce ruhin wannan sha'awa inda kuɗi ke wuya sai bayan girbin riɗi: wannan ya ba da jita ya karɓi amfilifaya da ciko, wancan ya ba da maganaɗisu biyu ya karɓi tsirkiya sabuwa. Malamai sun yi maganganu masu tsawo game da hukuncin kayan kiɗa masu tsirkiya, jumhurun fuƙaha'u na da suka ƙyamace su, Ibn Hazm ya sauƙaƙa, wannan kuwa fagensu ne. Amma babu saɓani ko kaɗan game da haramcin algus, kuma duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ɓoye aibin haja ba ya halatta. Wanda ya liƙa tambarin Fender a kan jitar kwaikwayo, ko ya rufe tsagewar wuya da fenti, ko ya yi shiru game da sandar da ta karye, ya ci haram, kuma ya ɓata wa kansa kasuwa, tun da masu wannan sha'awa kaɗan ne, jita guda tana iya zagaya hannu biyar ta komo wa mai ita na farko.

Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne, jitar kwaikwayo mai miƙaƙƙen wuya wadda aka daidaita da ilmi ta fi mai babban suna da aka jingine a rana, kuma mai sha'awar da ya iya dalma da makulli ya fi wanda ya iya tayi kaɗai amfani ga 'yan'uwansa. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana cikin masu wannan sha'awa, ka koyi gyara kafin ka ƙara saye, ka koya wa na bayanka, kuma ranar da za ka sayar ka faɗi aibin kayanka tun ba a tambaye ka ba.