Likitan da ba ya jin Hausa

Bara wani abokin karatunmu ya tafi Konni da kuɗin albasar mahaifinsa, ya sayo kwamfuta ta gwanjo. Mai shago ya kunna mishi, allo ya yi haske, aka ce lafiya lau. Bayan sati biyu ta fara mutuwa yana tsakiyar rubutu. Da wannan kwamfutar na gwada MemTest86+.

Asalin manhajar MemTest86 ce, wadda Chris Brady ya rubuta a 1994. Daga baya wani Bafaranshe, Samuel Demeulemeester, ya fitar da reshen da ake ƙara wa alamar +. Kyauta ce. A kile ake sa ta, ta tashi ba tare da Windows ba. Tana rubuta lambobi cikin kowane gurbi na RAM, ta koma ta karanta; in abin da ta karanto ya saɓa da abin da ta rubuta, sai jan layi ya fito. Na abokinmu ja ya cika allo. Muka canja sandar RAM ɗaya, ta warke.

A nan na yaba mata. Ba ruwanta da rantsuwar mai shago, ba ta duba ƙyalƙyalin murfi.

Amma ba don irinmu aka yi ta ba. Ga injin da ya tsufa, cikakken gwaji yakan ci awoyi, kuran kuwa ba ya yi mana alkawari. Wane ɗan kasuwa zai bar ka zaune a shagonsa har la'asar? Bayaninta duk da Ingilishi ne, mu da Faransanci muka koya a lakwal. Sannan RAM kawai take dubawa. Mataccen batir da ƙurar hunturu da ta toshe fanka ba su dame ta ba. Faifan ajiya ma sai an nemi wata, kamar CrystalDiskInfo, mai nuna awoyin da faifan ya yi yana aiki.

A Turai da Amurka masu sha'awar Commodore 64 ta 1982 suna irin wannan gwajin don nishaɗi. Mu tsohuwar kwamfuta ita ce sabuwarmu, a kanta za a rubuta memuwar.

Shawarata, ƴan'uwa: kowace ƙungiyar ɗalibai ta ajiye kile guda mai manhajojin nan biyu, wani cikinmu ya rubuta bayaninsu da Hausa a shafi ɗaya. Mai shagon da ya hana a gwada, a bar mishi kayansa.