Sarkin Ƙarya a Kogin Dijla

A cikin Dare Dubu da Ɗaya, Halifa Haruna Rashidu, wanda ya hau mulki a 786, ya ɓad da kama, ya ba wani tsoho dinari ya zaga da shi Bagadaza cikin jirgi da dare. Tsoho ya tsorata, wai Halifa ya ce wanda aka gani bisa ruwa a fille masa kai. Can sai ga jirgi duk fitilu, da sarkin ƙarya bisa karaga.

Nan gwanintar take: sarki na cikin duhu, yana jin yadda sunansa ke kaɗa hantar talaka. Mutanen Kebbe da Tambuwal sun san irin wannan tsoho a mashigin gulbi. Abin takaici, mai labarin ya bar shi a gaɓa, ya bi zancen soyayya.