Ɗan Sandan Ciki A Kasuwar Ƙwaya

Cikin 1992 wani baƙar fatar Amurka mai suna Bill Duke ya shirya wasan sinima da a ke kira Deep Cover, watau ɓuya mai zurfi. Ko da ya ke wasan ya kwana biyu, na ga ya kamata mutanenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum su san abin da ke cikinsa, gama ya taɓa wani miki wanda mu ma mu ke fama da shi.

Ga yadda labarin ya ke. Wani yaro, Russell Stevens, ya ga an harbe ubansa a gabansa, uban kuwa mashayin ƙwaya ne, ya shiga fashi wani kantin giya. Yaron ya yi alkawari har abada ba zai bi hanyar uban ba. Ya girma bai taɓa kurɓar giya ba, ya shiga aikin ɗan sanda. Ana nan sai wani babban ma'aikacin hukumar hana fataucin ƙwaya, Carver, ya zaɓe shi ya tafi birnin Los Anjalis, ya sake suna ya zama John Hull, ya shiga cikin masu sayar da hodar iblis har ya gano uban tafiyar. Laurence Fishburne shi ya fito a Stevens, Jeff Goldblum kuwa ya fito a David Jason, lauyan da ya zama abokin cinikinsa.

Wasannin irin wannan suna da yawa, galibinsu kuwa tambaya guda su ke yi: shin za a gane shi, ko ba za a gane shi ba? Wanda ya ga Don na Amitabh Bachchan, na 1978, ya san irin wannan faɗuwar gaba. Bill Duke bai damu da wannan ba ƙwarai. Abin da ya sa wa ido shi ne yadda aikin ke cin mutumin sannu sannu. Da hodar ta taru a hannun Stevens, ya nemi hukuma ta biya ta karɓe, sai Carver ya ce babu kuɗi, ya je ya sayar. To, ka ji fa! Ɗan sanda ne ke sayar wa 'ya'yan talakawa guba, da iznin wanda ya aiko shi. Daga nan sai kisan kai, ba kuwa wanda ya tuhume shi. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma a nan gwamnati ce da kanta ta ɗora masa kanwar.

Inda wasan ya fi ƙarfi shi ne sa'ad da Stevens ya kusa kai ga Hector Guzman, babban ɗan siyasa na wata ƙasa a Amurka ta Kudu. Sai aka ce masa a bar maganar, Guzman ya zama abokin gwamnati. Duk jinin da ya zubar ya tashi a banza. A ranan nan ya fara shan abin da ya rantse ba zai sha ba. Fishburne bai yi ihu ba, bai yi kuka ba, idonsa kaɗai mutum zai duba ya san mutumin nan ya karye. Wannan gwaninta ce, ba na ja.

Mu a nan wannan ba baƙon labari ba ne. Tun 1989 aka kafa hukumar NDLEA, cikin 2018 kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin, bayan 'yan jaridar BBC sun ɓad da kama sun ɗauko hoton masu sayar da shi ta bayan fage. Duk da haka yaron da ya shiga ramin zinariya a Bagega, da wanda ya shiga daji da bindiga, kowa ya san ƙwayar da wasunsu ke haɗiya ba a gonar Anka ta tsiro ba. Mai talla a tasha shi ne a kusa da hannu, wanda ya yi lodin mota kuwa yana nesa, an bar jaki ana dukan taiki.

Amma akwai inda wasan ba zai zauna a ƙasarmu ba. A Los Anjalis baƙo ya kan kama ɗaki, ba mai tambayarsa ɗan wane ne. A Gummi kafin ya sauke kayansa an san garinsu da mai masaukinsa. Mai fuska biyu da mu ka sani ba baƙo ba ne, ɗan gari ne mai kai wa ɓarayin daji rahoto, irin waɗanda aka ambata cikin dalilan yanke layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021. Saboda haka mai kallo a Bukkuyum zai yi wuyar ba Stevens zuciyarsa duka, ko da ya san don gyara ya ke yaudara.

Aibin wasan biyu ne. Soyayyarsa da Betty, mai wanke wa 'yan ƙwaya kuɗi, an liƙa ta ne kurum, ba ta da saiwa. Sa'an nan ƙarshen ya yi daɗi fiye da kima: ya tona asirin Guzman a gaban 'yan majalisa, ya kuma tsira da dala miliyan 11 na haram, yana tambayarmu yadda zai yi da su. Ni dai Taft na fi tunawa, tsohon ɗan sandan nan mai riƙon addini, wanda ya yi ta binsa da nasiha bai san ɗan'uwansa ne a aiki ba, har Jason ya harbe shi a gabansa.