Mawaƙa Sun Yi Yawa, Malaman Murya Sun Ɓace

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, tun da lasifikokin biki suka hana unguwarmu ta Dawaki runtsawa daga daren Jumma'a har na Lahadi, shi ne duk yawan mawaƙan da suka cika Gombe a yau, in mutum ya kasa kunne da kyau, sai ya rantse murya guda ce ake ta sauya wa suna. Alhali kuwa samarin nan Allah bai hana su baiwa ba, akwai masu zaƙin murya a cikinsu, akwai masu fasahar tsara kalma. Abin da suka rasa malami ne, wanda zai zaunar da yaro ya ce masa nan ka tsinke numfashi, nan ka haɗiye harafi, sake.

Ku da kuka tashi da rediyon Kaduna a kunnenku kun san yadda ake zama makaɗi a da. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991 bayan ya cika fadoji da kotsonsa, ya fara ne da amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan a bayan wansa Kurna, kafin a ji shi yana jan waƙa da kansa. Amshin nan kuwa, wanda yaran yanzu suke ɗauka aikin barori ne, haƙiƙa makaranta ce mai wuya, domin a nan ɗan amshi yake maimaita gindin waƙa har ya zauna masa a maƙogwaro, ya koyi inda ake karɓa da inda ake ƙari, ya san yadda ake ajiye numfashi don ya kai ƙarshen ɗa mai tsawo ba tare da murya ta karye ba, ya kuma lura da yadda jagora yake sassauta rauji in ya zo kan asalin sarki, ya tsananta shi in ya zo kan zambon ɗan sarki. In ya yi tuntuɓe, harara guda daga maigida a tsakiyar fage ta ishe shi darasi. Waƙoƙin Narambaɗa da na Jankiɗi, da har gobe muke jin kowane harafinsu tar a cikin tsofaffin faifai, ƙungiyoyi masu irin wannan ladabi ne suka rera su.

Yanzu fa? Yaro zai rubuta baiti da safe, ya shiga sutudiyo da azahar, mai fiyano ya ɗora masa kiɗa, kafin magariba waƙa ta shiga wayoyin jama'a. Inda murya ta kauce, sai a danna Auto-Tune, na'urar nan da aka fito da ita a Amurka a 1997, ta ja ta zuwa kan layi. To, na'ura tana daidaita hawa da saukar sauti, amma ba ta san ma'ana ba, ba ta san Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere ba, shi ya sa za ka ji an ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, an kifar da karin kalma don ta dace da kiɗa, an rera baitin rabuwa da na murnar aure da murya iri ɗaya, babu alhini a wannan, babu fara'a a wancan. Ran biki kuwa, mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa leɓe faifai na tashi, in aka ɗauke wuta sai waƙa ta mutu a bakinsa, ana kuma yi masa liƙi a haka!

Abin da ya fi ba ni takaici, ilmin gyaran murya bai bar garin nan ba. Na nemi tsarin Allah daga kwatanta Alƙur'ani da waƙa, hanyar koyarwa kaɗai nake nufi: duk makarantar Islamiyya da ake karanta Tuhfatul Aɗfal ko Jazariyya, za ka tarar da malami ya tsare yarinya 'yar shekara goma a kan mahrajin harafi guda, yana auna mata tsawon madda, yana nuna mata inda waƙafi yake gyara ma'ana da inda yake ɓata ta, daga baki zuwa kunne, kamar yadda shi ma ya karɓa. Musabaƙar karatun Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take shiryawa tun 1986 ta nuna abin da irin wannan horo yake haifarwa. Turawa ma, da muke ganin su suka kawo na'urar, ba su sakar mata manyan mawaƙansu ba: a Italiya, mai rera opera a gidan La Scala na birnin Milan, ko da ya shahara, yana da malamin da yake zama da shi gaban fiyano suna bin waƙa kalma bayan kalma, har muryarsa ta iya ratsa kiɗan makaɗa da yawa ta isa kujerar ƙarshe ba tare da lasifika ba.

Za a ce mini ai Shata bai yi wa kowa amshi ba. Gaskiya ne, amma dandali da kasuwa su suka hore shi, inda babu mai gyara maka murya, in ka gaza mutane su watse. Kuma Shata guda nawa aka yi? Na kuma yarda, ko da ba da son raina ba, cewa sutudiyo ta buɗe ƙofa ga ɗan talakan da ba a haife shi gidan kiɗa ba, kuma irin su Aminu Ala sun nuna ana iya hawa fiyano kalma ta fito sarai.

Roƙona ga masu sutudiyo na Gombe kaɗan ne. Tsofaffin 'yan amshi suna nan da ransu, wasu sun koma gona, wasu suna zaune a ƙofar gida babu mai tambayarsu kome. A ɗauko ɗaya, a yanka masa haƙƙinsa daga kuɗin da ake karɓa na kowace waƙa, a hana kunna na'ura sai yaro ya rera waƙarsa a gabansa daga farko har ƙarshe, ba kiɗa, ba lasifika, tsohon ya ce ta yi.